Alice Hamilton (1869–1970): Likitar da ta Bi Sawun Gubar Dalma a Masana'antun Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Alice Hamilton, likita Ba'amurkiya da ta shafe fiye da shekara 30 tana binciken cututtukan da ma'aikata ke kwasowa daga wuraren aikinsu. An fi mayar da hankali ga aikinta a kan dalma, domin a nan ne ta tabbatar da cewa ƙura da tururin da ake shaƙa su ne babbar ƙofar da gubar ke bi ta shiga jiki, saɓanin iƙirarin masu masana'antu na cewa ƙazantar ma'aikaci ce ke jawo masa cuta. An kuma duba inda ƙoƙarinta ya gaza, musamman a taƙaddamar zuba dalma a cikin fetur ta 1925.

1.0 Gabatarwa

Dalma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kwallin dutse da ake rambaɗa wa ido, akasarinsa haɗin dalma ne da farar wuta, haka kuma batirin mota cike yake da faya-fayan dalma. Sai dai batun gubar dalma bai zama ruwan dare a bakin jama'a ba sai a shekarar 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka su da niƙa su a bushe a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 ne suka rasu.

Shekara ɗari cif kafin wannan musiba, wato a 1910, wata likita tana bin unguwannin talakawa na birnin Shikago gida-gida, tana tattara shaidar yadda ƙurar dalma ke nakasa ma'aikata. Ba ta da ikon hukunta kowa, ba ta ma da izinin shiga masana'anta sai da yardar mai ita. Duk da haka, fannin likitancin masana'antu a Amurka daga hannunta ya tsayu da ƙafarsa.

2.0 Asali da Karatu

An haifi Alice Hamilton a birnin Niyok ranar 27 ga Fabrairu, 1869, amma a garin Fort Wayne na jihar Indiana ta tashi, a cikin babban gidan zuriya da kakanta Allen Hamilton ya kafa bayan ya yi ƙaura daga Ayalan ya yi arziki da cinikin filaye. Ita ce ta biyu a cikin 'ya'ya biyar na Montgomery Hamilton da Gertrude Pond. Yayarta Edith ce ta yi suna daga baya da rubuce-rubuce a kan adabin Girkawa da Rumawa. A gida aka koyar da 'yan matan harsuna da tarihi da adabi, kimiyya kuwa ba ta samu wani rabo ba. Tana da shekara 17 aka kai ta makarantar kwana ta 'yan mata a Farmington, jihar Connecticut, inda ta yi shekara biyu.

Kasuwancin mahaifinta ya karye a 1885, don haka ya zama dole kowace daga cikin 'yan matan ta nemi abin dogaro da kai. Alice ta zaɓi likitanci, ba don kimiyya ta ja hankalinta a lokacin ba, sai don ta lura cewa likita yana iya zuwa duk inda ya ga dama kuma ya yi amfani a can. Ta cike giɓin iliminta na kimiyya, ta shiga Jami'ar Michigan a 1892, ta fita da digirin likitanci a 1893. Ɗan zaman da ta yi a asibitocin mata da yara a Minneapolis da Boston ya nuna mata cewa ɗakin gwaje-gwaje ya fi dacewa da ita a kan duba marasa lafiya. A 1895 ita da Edith suka tafi Jamus ƙarin ilimi. Jami'o'in Leipzig da Munich sun bar ta ta saurari lacca a kan ƙwayoyin cuta, bisa sharaɗin kada ta ja hankalin ɗalibai maza, kuma babu zancen ba ta digiri. Da ta dawo ta ƙara shekara guda a Jami'ar Johns Hopkins.

3.0 Zaman Hull House

A 1897 ta samu aikin koyarwa a makarantar likitanci ta mata da ke ƙarƙashin Jami'ar Northwestern a Shikago. Abin da ya sauya alƙiblar rayuwarta, sai dai, shi ne masaukin da ta zaɓa. Hull House gida ne da Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe a 1889 a tsakiyar unguwar 'yan ci-rani, inda mata masu ilimi ke zama a cikin talakawa suna koyarwa, suna taimako, suna kuma rubuta abin da idonsu ya gani. Hamilton ta zauna a gidan shekara 22. Da rana tana ɗakin gwaje-gwaje, da yamma tana wanke jarirai da ba iyaye mata shawara a wani ƙaramin asibitin yara da ta buɗe a gidan. Maƙwabtanta mutanen Italiya ne da Folan da Rasha da Girka da sauransu, kuma daga bakin matansu ta fara jin labarin mazajen da aiki ya cinye: mai fenti da hannunsa ya shanye, ma'aikacin ƙarfe da hayaƙi ya sumar da shi.

A 1902 annobar taifod ta faɗa wa unguwar fiye da sauran sassan birnin. Hamilton ta kama ƙudaje a kusa da masai da ɗakunan girki, ta gwada su, ta samu ƙwayar cutar a jikinsu, ta wallafa cewa su ne ke yaɗa ta. Rahoton ya samu karɓuwa ƙwarai, har ya jawo garambawul a hukumar lafiya ta birnin. Daga baya ne ta gano cewa ainihin silar ita ce ɓalewar da ta bar ruwan masai ya shiga bututun ruwan sha na yankin, kuma hukuma ta ɓoye. Ta shafe shekaru tana ƙoƙarin gyara wannan labari na ƙudaje duk da yabon da ya jawo mata. Wanda ya duba yadda ta gudanar da bincikenta daga baya zai ga tasirin wannan tuntuɓe: ba ta ƙara gamsuwa da sakamakon kwalba ba sai ta je ta ga tsarin aikin da idonta.

Wajen 1907 ta karanta littafin Dangerous Trades, wanda likitan Ingila Thomas Oliver ya shirya a 1902, ta ga cewa a Ingila da Jamus cututtukan sana'a fanni ne mai dokoki da masu duba masana'antu. A Amurka kuwa kusan babu komai a rubuce. Likitocin ƙasar sun ɗauka cewa rashin rubutun na nufin rashin cutar, suna cewa masana'antunsu sun fi na Turai tsabta, ma'aikatansu kuma sun fi cin abinci mai kyau. Ita da take zaune da ma'aikatan ta san ba haka ba ne. Ta buga maƙalarta ta farko a kan batun a 1908. A daidai wannan lokaci ne John Andrews ya bankaɗo yadda farin fosfaras ke ruɓar da muƙamuƙin masu yin ashana, binciken da ya kai ga dokar 1912 wadda ta ɗora wa irin wannan ashana harajin da ya kashe kasuwarta.

4.0 Binciken Jihar Illinois

Gwamna Charles Deneen na jihar Illinois ya kafa kwamitin cututtukan sana'a a 1908, ya sa Hamilton a ciki, kuma a 1910 aka ɗora mata jagorancin binciken da babu wata jiha da ta taɓa yin irinsa. Ta raba wa mataimakanta sauran gubobi, ta riƙe dalma a hannunta.

Yana da kyau a faɗi dalilin da ya sa masana'antu ke son wannan ƙarfe. Dalma tana da laushi, ana iya yankar ta da wuƙa. Nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau 11, tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 a ma'aunin Salsiyas ba, ba ta saurin cin tsatsa, ga ta kuma da araha. Garinta fari yana ba fenti kauri da ƙarko, yana sa tangaran da gilashi ƙyalli. Jikin ɗan'adam kuwa ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan. Yana ɗaukar ta kamar sinadarin kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi, inda takan zauna shekaru da dama tana komawa jini a hankali. Tana hana jiki ƙera jan jini, tana lahanta ƙoda da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Alamominta a wurin babba su ne murɗar ciki mai tsanani da taurin bayan gida, ɗashewar fata, zane mai duhu a gefen dasashi, da sakewar hannu daga wuyansa ta yadda mutum ba ya iya ɗaga tafinsa. Idan ta kai ƙwaƙwalwa sai jijjiga da gushewar hankali, wani lokaci makanta ko mutuwa. Mata masu ciki kan yi ɓari.

Matsalar farko da Hamilton ta fuskanta ita ce babu ko jerin sana'o'in da ke amfani da dalma. Takardun asibiti ba su cika rubuta aikin majinyaci ba. Masu masana'antu ba sa ajiye lissafin waɗanda suka kwanta, domin ɗan ci-rani in ya fara ciwo sai ya daina zuwa, wani ya maye gurbinsa washegari. Saboda haka ta koma yawo da ƙafa. Ta tono takardun asibitoci, ta ɗauki sunan duk wanda alamunsa suka tabbata, ta bi shi har gida, ta zauna da shi da matarsa ta tambayi inda yake aiki da abin da yake taɓawa. Ta nemi labari wurin likitocin unguwa da masu kantin magani da limaman coci da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. Ba ta shigar da kowa cikin lissafi sai shaidarsa ta likitanci ta tabbata, domin ta san kuskure ɗaya ya isa a yi watsi da rahoton baki ɗaya.

Misali guda ya isa ya nuna salon aikin. Ta tarar da wani ɗan Folan a asibiti da murɗar ciki irin ta dalma, ya ce aikinsa shafa wa bahon wanka ƙyalli. Littattafan Turai ba su lissafa wannan a cikin sana'o'in dalma ba. Ta je kamfanin, aka nuna mata inda ake yi wa bayan baho fenti, aka tabbatar mata babu dalma a ciki, ta kuma ga gaskiya ne. Maimakon ta rufe zancen sai ta sake neman majinyacin, a nan ta ji cewa an kai ta sashen da ba shi ba ne. Ainihin aikin a wani gini yake, inda ake fito da baho daga tanderu yana ja wur, a riƙa barbaɗa masa gari yana narkewa, ma'aikata na tsaye cikin gajimaren ƙura. Wani ma'aikaci ya ba ta samfurin garin, wanda ya saba kai wa matarsa gida tana goge tukwane da wuƙaƙe da shi. Da aka gwada, kimanin kashi 20 cikin ɗari dalma ce mai narkewa a jiki.

Ta wannan hanya ta gano sana'o'i fiye da 70 masu haɗarin dalma a jihar, har da waɗanda ba wanda zai zata, kamar goge gilashin ado, yin hatimin taragun kaya, ƙawata akwatin gawa, da naɗe sigari a takardar da ake kira ta kuza alhali dalma ce. Ta tabbatar da mutum 578 da gubar ta kama. A 1911 jihar ta yi dokar da ta wajabta matakan kariya, da duba lafiyar ma'aikatan dalma da makamantanta kowane wata, da kai rahoton duk wanda ya kamu ga hukuma.

4.1 Ƙura ko Ƙazanta?

A nan ne gudummawarta mafi nauyi take. Ra'ayin da ya yaɗu a tsakanin manajoji da likitocin kamfani shi ne cewa dalma ta baki take shiga, wato ma'aikaci ne ba ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ko kuma mashayi ne. Wannan bayani yana da daɗi ga mai masana'anta, domin ya mayar da laifin kan wanda ya kamu, maganin kuma bai wuce sabulu da wa'azi ba. Hamilton ta kwatanta sassan aiki daban-daban ta nuna cewa cutar tana bin yawan ƙura da tururi ne. Wanda ke riƙe dalma jiƙaƙƙiya ko dunƙulalliya duk yini yakan daɗe lafiya, wanda ke shaƙar garinta kuwa yakan kwanta cikin 'yan makonni komai tsabtarsa.

Masana'antun farar dalma ta fenti su ne suka fi bayyana hakan. Ana zuba narkakkiyar dalma ta zama faya-fayai masu huji, a jera su a tukwanen ƙasa da ɗan ruwan tsami a gindinsu, a binne tukwanen cikin ɓawon itacen da majema suka gama amfani da shi, a bar su kimanin wata uku. Zafin ruɓewar ɓawon da iskar da yake fitarwa su ke mayar da ƙarfen farin gari. Daga nan sai ma'aikata su tone, su kankare, su niƙa, su shanya, su ɗura a ganga, akasari a bushe. Abin da ta nema shi ne a jiƙa garin kafin a motsa shi, a rufe injinan niƙa, a sa na'urar zuƙe ƙura a inda take tashi, a ware wurin cin abinci, a kuma bar tufafin aiki a masana'anta kada a kai su gida. Duk waɗannan nauyi ne a kan mai masana'anta, kuma kuɗi suke ci. Idan aka dubi matakan da aka bi a Zamfara bayan 2010, wato fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, kwashe gurɓatacciyar ƙasa, da koyar da sarrafa dutse a jiƙe, za a ga tushen tunanin ɗaya ne, illa dai a can yara ne abin ya fi shafa, su kuwa ta hanyar kai hannu baki ƙurar ta fi shiga jikinsu, kuma hanjinsu na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba.

5.0 Mai Binciken Gwamnatin Tarayya

A 1910 ta halarci taron duniya kan cututtukan sana'a a Beljiyam, inda wakilan Amurka suka rasa amsar mafi yawan tambayoyin da aka yi musu. A wurin ta haɗu da kwamishinan ƙwadago na tarayya, Charles Neill, wanda ya nemi ta yi wa ƙasa baki ɗaya irin aikin da ta yi wa Illinois. Sharuɗɗan aikin abin mamaki ne. Babu albashi, sai ta gama rahoto gwamnati ta saya, kuma babu takardar da za ta tilasta a buɗe mata ƙofa. Ta karɓa. Rahotonta na 1911 ya shafi masana'antun farar dalma 23 daga cikin 25 da ke ƙasar, ya kuma lissafa mutum 358 da suka kamu a cikin wata 16, 16 daga cikinsu suka mutu. Bayansa ta bi masu tangaran, masu fenti, matatun dalma, masu haɗa batir, masana'antun roba da maɗaba'u.

Tun da ba ta da sanda, sai ta dogara da hujja da kuma kunyar mutane. Al'adarta ita ce idan ta gama zagaya masana'anta ta nemi shugaba mafi girma ta faɗa masa abin da ta gani ido da ido. Edward Cornish, mataimakin shugaban kamfanin National Lead, ya fusata da ta ce masana'antunsa na sanya wa mutane guba, ya ce in ta kawo shaida zai bi duk abin da ta ce. Ta kawo masa takardun mutum 22. Ya cika alkawari, ya gyara masana'antun, ya ɗauki likitoci. Labarin yana da daɗin ji, amma yana kuma nuna raunin hanyar: inda shugaba ba Cornish ba ne, rahoton yakan ƙare a aljihun tebur, ma'aikata su ci gaba da shaƙar ƙura har sai dokar diyya ta sa cutar ta zama asara ga kamfani.

Yaƙin Duniya na Farko ya buɗe wani babi. Masana'antun abubuwan fashewa suka yi ta tsirowa a dazuzzuka da gefen fadamu, kuma ko gwamnati ba ta da cikakken jerinsu. Hamilton takan gano su ta hanyar hango jan hayaƙi mai ruwan ɗorawa a sararin sama, ko ta bi ma'aikatan da asid ɗin fikirik ya rine musu fata da gashi suka koma rawaya. Ta gano cewa hayaƙin asid ɗin naitirik ne ya fi kisa, kuma yana da yaudara, domin mutum kan shaƙe shi ya ɗan yi tari ya koma gida, bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. TNT kuwa ta fata ya fi shiga, ya lalata hanta da ɓargo. Don haka a wannan karo ita da kanta ta nace a kan wanka da sauya tufafi, abin da ta ƙi yarda ya wadatar a sha'anin dalma. Kowace guba da ƙofarta. Duk wannan aiki ta yi shi ne tana mai adawa da yaƙin kansa, domin ta raka Jane Addams taron mata masu neman sulhu a Hague a 1915, ta kuma shiga Jamus a 1919 ta ga yaran da yunwa ta tsotse, abin da ya jawo mata zargi a gida.

A tsakanin waɗannan shekaru da farkon 1920 ta binciki masu sassaƙa dutse a Bedford, jihar Indiana, waɗanda girgizar gudumar iska ke kashe musu yatsu su yi fari fat, da iskar kabon monoksaid a masana'antun ƙarfe, da zaibar da ke sa masu yin malafar gashin zomo karkarwa a Danbury.

6.0 Harvard

A 1919 makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard ta buɗe sashen likitancin masana'antu, shugabanta David Edsall ya duba bai ga wanda ya kai Hamilton ba. Ta zama mace ta farko da jami'ar ta ɗauka aikin koyarwa, a makarantar da ba ta fara karɓar ɗalibai mata ba sai 1945. An gindaya mata cewa ba za ta shiga kulob ɗin malamai ba, ba za ta karɓi tikitin kallon ƙwallo na malamai ba, ba kuma za ta shiga jerin gwanon bikin yaye ɗalibai ba. Ita ma ta gindaya nata: rabin shekara kawai za ta koyar, sauran rabin na fita bincike ne. Har ta yi ritaya a 1935 ba a ɗaga ta daga matsayin mataimakiyar farfesa ba. A wannan zama ta wallafa Industrial Poisons in the United States a 1925, littafi na farko irinsa a ƙasar, da Industrial Toxicology a 1934. Daga 1924 zuwa 1930 ita kaɗai ce mace a kwamitin lafiya na Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada.

7.0 Fetur Mai Dalma

A ƙarshen 1921 injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗigon wani sinadari mai suna tetara'etil na dalma yana hana injin mota bugun da ke rage masa ƙarfi. Aka fara sayar da fetur mai shi a 1923 da sunan Ethyl, sunan da ba ya ambaton dalma. Wannan nau'i ya fi farin garin haɗari, domin yana narkewa a kitse, yana ratsa fata, yana isa ƙwaƙwalwa da sauri. A watan Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu cikin hauka a matatar Standard Oil da ke Bayway, jihar New Jersey, aka kwantar da wasu gommai. Wasu birane suka hana sayar da man.

Ranar 20 ga Mayu, 1925, babban likitan gwamnatin tarayya ya kira taro a Washinton. Hamilton da Yandell Henderson na Jami'ar Yale su ne fitattun masu adawa. Hujjarta ita ce dalma guba ce mai taruwa a hankali ba tare da alama ba, kuma in ana iya tsare ma'aikaci a cikin masana'anta, babu mai iya tsare jama'ar ƙasa guda idan kowace mota ta zama mai fesa ta a titi. Ta nemi a nemo wani sinadari. Aka kafa kwamiti, ya duba direbobi da ma'aikatan gareji da ba su kai 300 ba cikin 'yan watanni, ya bayyana a farkon 1926 cewa bai ga dalilin haramtawa ba, tare da shawarar a ci gaba da bincike na dogon lokaci. Gwamnati ba ta yi wannan bincike ba. Kusan shekara 40 kamfanonin da ke sayar da sinadarin ne ke ɗaukar nauyin nazarin illarsa, ta hannun Robert Kehoe.

Ita kanta Hamilton daga baya ta ɗauki taron a matsayin ci gaba, ganin an zaunar da kamfanoni da masana a teburi ɗaya kuma an gyara yanayin aikin masu haɗa sinadarin. A nan hukuncinta na farko ya fi na biyun inganci. Dabarar ƙirga majinyata masu alamu bayyanannu, wadda ta yi mata aiki a Illinois, ba ta iya kama illar da ke rage kaifin basirar miliyoyin yara ba tare da ko ɗaya ya kwanta asibiti ba. Sai da aikin Clair Patterson a 1965 da na Herbert Needleman a 1979 aka auna girman ɓarnar. Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motocin titi a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

A shari'ar 'yan matan radiyam ta fi samun biyan buƙata. Waɗannan ma'aikata ne a Orange, jihar New Jersey, masu zana lambobin agogo da fenti mai haske a duhu, an koya musu tsinin burushi da leɓe, radiyam ya taru a ƙasusuwansu ya cinye muƙamuƙansu. Hamilton ta taimaka wajen fito da rahoton abokin aikinta Cecil Drinker wanda kamfanin ya danne, ta kuma jawo hankalin ɗan jarida Walter Lippmann ga shari'ar. A 1928 aka sasanta, kowace daga cikin mata biyar ta samu dala 10,000 da kuma dala 600 duk shekara.

8.0 Shekarun Ƙarshe

Bayan ritaya ta zama mai ba da shawara a ma'aikatar ƙwadago a zamanin Frances Perkins. Bincikenta na ƙarshe a fage, a 1937 zuwa 1938, ya shafi masana'antun zaren rayon, inda sinadarin kabon daisalfaid ke haukata ma'aikata yana shanye musu jijiyoyi. Tana dab da shekara 70 a lokacin. Ta wallafa tarihin rayuwarta, Exploring the Dangerous Trades, a 1943, ta karɓi lambar yabo ta Lasker a 1947, ta kuma sabunta littafinta na ilimin guba tare da Harriet Hardy a 1949.

Ba ta yi aure ba. Ta zauna da ƙanwarta Margaret a ƙauyen Hadlyme na jihar Connecticut, tana karatu da aikin lambu, ba ta kuma daina sa baki a siyasa ba. Hukumar FBI ta daɗe tana ajiye fayil a kanta, kuma tana da shekara 94 ta sa hannu a takardar neman janye sojojin Amurka daga Biyetnam. Ta rasu a gidanta ranar 22 ga Satumba, 1970, tana da shekara 101. Ranar 29 ga Disamba na wannan shekara Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar lafiya da kariyar ma'aikata, wadda ta ba jami'an tarayya ikon shiga masana'antu su duba su kuma ci tarar masu laifi.